Wace sanda za a saya wa mai shanyewar ɓarin jiki?

Da zarar an sallamo majinyaci mai shanyewar ɓarin jiki, ko daga Asibitin Koyarwa na Tarayya ko daga Babban Asibitin Katsina, sai ka ji 'yan'uwa na shawarar abin da zai dogara. Suna da gaskiya, don faɗuwa ce babbar barazana a watannin farko, kuma yawanci a cikin gida take faruwa: wajen saukowa daga gado, a bakin banɗaki, ko da asuba an fito alwala babu wuta. Tsoho ya faɗi ya karya ƙugu, jinya ta zama biyu.

Kafin ka fitar da ko sisi, bari likitan gashi, wato mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi, ya gwada shi. Suna da gwaji mai sauƙi: mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya dawo ya zauna, ana duba agogo. In ya kai daƙiƙa 12 ko ya haura, akwai haɗarin faɗuwa.

Kwagiri ta ado ce, a bar ta ga masu lafiyar ƙafa ranar Juma'a. Ƙarfen nan da ake ɗagawa da hannu biyu kuwa, wanda hannunsa ɗaya ya saki da me zai kama ɗaya ɓarin? Keken guragu yana da rana in za a je asibiti, amma in ya zama mazauni, ƙafar da ake lallashi ta dawo sai ta ƙara mutuwa.

Ni dai sanda mai ƙafa huɗu nake saya, kuma ita nake sa mutane su saya. Hannu ɗaya take buƙata, kuma a hannun da ke da lafiya ake riƙe ta, ba a ɓangaren da ya shanye ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. Tana tsayawa da kanta, don haka in Baba ya sake ta zai ɗauki buta ba sai ya sunkuya neman ta a ƙasa ba, sunkuyon nan kuwa shi ke kayar da su. Gindinta ɓari ɗaya a miƙe yake, ɗayan ya baje. Miƙaƙƙen ne ke bin jiki, in aka juya ta sai ƙafa ta harɗe. Tsawonta kuma, in mutum ya tsaya ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa. Aibinta ɗaya: a tsakar gida mai yashi ko gargada tana rawa, sai an tabbatar duk ƙafafun huɗu sun zauna kafin a ɗora mata nauyi.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Wadda aka fara kawo wa mahaifinmu daga wani shago, sheƙi kamar azurfa, ashe bututun bai fi gwangwanin madara kauri ba. Maɓallin da ke riƙe tsawonta ya zame yana tsaye a bakin rariya, sandar ta nutse cikin kanta. Allah ya sa ƙanena yana tsaye ta ɓangaren da ya shanye, ya tare shi. Da muka koma, mai shagon cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai ta waje ce, nauyi dai ya yi mata yawa." Tsohon da jinya ta ramar!

Saboda haka a shagon, ɗora mata nauyinka duka ka girgiza. In ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, ajiye. Nemi mai zoben da ake murɗawa bayan maɓalli. Duba waldar gindin da idonka, masu gwanjo suna shafe tsatsa da fenti. Sannan robobin ƙasa: danna da farce, in ta yi tauri ba ta lotsa ba to a kan tayil mai ruwa sulɓi za ta yi. Tambayi mai shagon ko yana da robobin canji, don suna cinyewa. Kada zancen "ta Ingila ce" ko kwali mai hoton Bature ya ruɗe ka.

Su kuma masu yawo da lasifika a mota suna cewa ga man shafawa, kwana bakwai mutum ya yar da sanda, su ne suka fi ba ni haushi. Har akwai masu cewa a daina maganin hawan jini, alhali hawan jinin ne kan gaba wajen jawo ciwon, kuma barin magani na iya dawo da shi.

In ka lura yatsun ƙafarsa na jan ƙasa, sanda kaɗai ba za ta isa ba. Akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu, amma shi ba a sayen sa a ka. Sai likitan gashi ya auna, in ta kama a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Silifas kuma a ɗauke su daga bakin ɗakinsa, a sa masa sandal mai maɗauri a diddige.