Ƙananan kwalejojin Amurka: a duba bashi da albashi kafin a zaɓa

Ƙananan kwalejojin Amurka da ke koyar da fannoni a haɗe, inda ɗalibi kan ɗanɗani tarihi da lissafi da falsafa da kimiyya cikin shekara huɗu na digirin farko, sukan sanya kuɗi mai tayar da hankali, domin a wasunsu kuɗin karatu da ɗaki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Sai dai ɗalibai da yawa ba sa biyan wannan kuɗi cif, saboda haka abin kwatantawa shi ne abin da zai rage a wuyan iyali bayan an cire tallafi.

Kwalejoji masu tarin dukiyar gidauniya, irin su Amherst da Williams a jihar Massachusetts da Grinnell a Iowa, sun cire rance daga tallafin da suke ba mabuƙata: Amherst tun 2008, Williams kuma a 2022. Samun gurbi a cikinsu ne jan aiki, amma wanda ya samu yana iya kammalawa da bashi ƙasa da na abokinsa da ya je makaranta mai araha a takarda. Berea da ke Kentucky hanyarta daban, domin ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1892, sai dai kowane ɗalibi yana yin aikin aƙalla awa 10 a mako.

Inda ya kamata a sa ido sosai shi ne kwalejoji masu matsakaicin ƙarfi. Takardar tallafinsu takan jera kyauta da rance wuri guda, har iyaye su ɗauka duka kyauta ce. Rancen gwamnatin tarayya ga ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa bai wuce dala 5,500 a shekarar farko ba, kuma jimillarsa tana tsayawa a dala 31,000; giɓin da ya rage kuwa, ko dai iyaye su ci bashi da sunansu ko a nufi banki, inda kuɗin ruwa kan fi tsanani. A binciki lafiyar aljihun makarantar ma, tun da kwalejojin Birmingham-Southern da Wells duk sun rufe a 2024.

Game da albashi, shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka yana nuna matsakaicin abin da tsofaffin ɗalibai ke samu shekara 10 bayan shigarsu makaranta. A ganina adadin kowane fanni ya fi na kwalejin gaba ɗaya amfani, domin kwalejin Harvey Mudd da ke California tana sahun gaba a albashi ne saboda injiniyoyi da masana kwamfuta take yayewa, kuma ba adalci ba ne a auna ta da kwalejin da ɗalibanta ke zama malaman makaranta. A ajiye albashin fannin kusa da bashin da za a biya cikin shekara 10, sannan a duba yawan waɗanda ke kammalawa.

Ɗalibin da zai taso daga Kano ko Maraɗi da bizar karatu ba shi da damar karɓar rancen gwamnatin Amurka, kuma alƙaluman Scorecard sun shafi waɗanda suka karɓi tallafin tarayya ne kawai. Bankuna galibi ba sa ba shi rance sai wani mazaunin Amurka ya tsaya masa, don haka tambayarsa ta farko ga kowace kwaleji ita ce ko tana biya wa baƙi cikakkiyar buƙatarsu har tsawon shekara huɗu.