Sharhi: akwatin gilashi mai lita 25 da na saya wa kifin beta

Masu sayar da kifin ado sukan ajiye beta a 'yar kwalba ko kofin roba, su ce wa mai saye wai shi wannan kifi ba ruwansa da fili, ko a kofin shayi zai rayu. Ban yarda da wannan magana ba, shi ya sa kafin in kawo kifin gida sai da na fara sayen mazauninsa: akwatin gilashi mai tsawon santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, wanda ke cin lita 25 na ruwa. Ya zo da murfi, da fitila, da matacin ruwa, da ɗan hita mai wat 25. Ya ga hunturu ya ga bazara a ɗakina a Kano, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Asalin beta ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta irin su Kambodiya, har ma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. A gonakin shinkafa da fadamu yake zaune, ruwa mara zurfi amma mai faɗi, cike da ciyayi. Allah ya yi masa wata gaɓa a ka mai aiki kamar huhu, yakan taso saman ruwa ya shaƙi iska, saboda haka yana jure ruwan da sauran kifaye za su mutu a ciki. A nan 'yan kasuwa suka samu hujja. Amma juriya daban, jin daɗi daban. A cikin kwalba kashinsa da ragowar abinci suna zama wata guba da ake kira ammoniya cikin ƙanƙanin lokaci, ita kuwa tana ƙone masa jiki, jelar ta fara zagwanyewa. Masana kiwon kifi sun fi tsayawa a kan lita 19 zuwa 20 a matsayin mafi ƙaranci ga beta guda. Mu kuma da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata a ce sai an tuna mana haƙƙin abin da muka killace ba.

Abin da ya fi burge ni da akwatin shi ne fasalinsa. Kwance yake, ba dogo ba. Namijin beta yana jan jela mai nauyi, hawa da sauka a ruwa mai zurfi wahala ce gare shi, ga shi dole ya riƙa tasowa shan iska. A nan kuwa sai ka ga ya taso daga bayan dutse, ya zaga gaban gilashi, ya ratsa tsakanin tsirrai, ya je ya kwanta a kan wani faffaɗan ganye dab da saman ruwa. Da ya saba da wurin, launinsa ya ƙara ja, ya shiga tara kumfa a kusurwa, wato sheƙar da namiji ke yi wa ƙwai. Da asuba in na kunna fitila nakan tarar da kumfar ta taru kamar ta kan sabon nono, shi kuma yana ƙarƙashinta yana gadi. Murfin ma ya zauna daram, kuma yana da muhimmanci, domin beta gwanin tsalle ne.

Matacin ruwan ne bai yi mini ba. Ƙarfinsa ya yi yawa, da an kunna sai ruwan ya riƙa tunkuɗa kifin gefe, ya maƙale a lungu ya ƙi fitowa. Na cire shi na sa na soso mai aiki da famfon iska, aka zauna lafiya. Tsirran roba da aka haɗo a kwalin ma ban sa su ba, bakinsu na da kaifi, za su yaga jela. Na samo masu rai.

Maganar hita kuwa, akwai wanda ya yi mini dariya, wai hita a Kano? Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Daren hunturu a Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da haka sosai, kuma a nan ne na ga amfanin yawan ruwa: in an ɗauke wuta cikin dare, lita 25 ba ta hucewa da wuri, in na lulluɓe akwatin da bargo sai ma'aunin zafi ya ɗan motsa kaɗan kafin gari ya waye. Kwalba kuwa da tuni ta huce sarai. A watan Afrilu lamarin juyawa yake yi, sai na kashe hita, na matsar da teburin nesa da taga, na ɗaga murfin kaɗan na shimfiɗa raga, fanka na kaɗa saman ruwan.

Kula da shi ba wuya. Duk mako ina zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo zuwa bokiti, in mayar da sabo. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin, sinadarin da ake tsaftace ruwan sha da shi. Soson matacin kuma a tsohon ruwan akwatin ake matse shi, kada a kashe ƙwayoyin bakteriya masu cinye ammoniya, waɗanda sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Saboda haka a fara haɗa akwati, kifi ya biyo baya.

Kuɗinsa ya ninka na kifin sau da yawa, wannan gaskiya ne, kuma yana buƙatar tebur mai ƙwari tunda in an cika shi ya haura kilo 25. Duk da haka ina ba da shawarar a saye shi, a dai tanadi kuɗin sauya mataci. Namiji ɗaya tak ake sawa a ciki, domin in suka zama biyu faɗa za su yi har ɗaya ya illata ɗan'uwansa. Wanda kuma ba shi da halin wannan akwati ko wurin ajiye shi, ina roƙonsa ya haƙura da kifin tukuna har ya samu hali.