Sagarar kaza ko 'yan tsaki: ga wadda za ki saya

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya wanne ya fi dacewa ki saya don fara kiwon kajin ƙwai a gida, har ki riƙa sayar da rarar ƙwan. Tsakanin 'yan tsakin kwana ɗaya da sagarar kaza mai mako 16 zuwa 17, sagarar za ki ɗauka, ko da tsadarta za ta sa ki rage yawan da kika yi niyya.

Kajina ISA Brown ne, jajayen nan da aka samar a Faransa musamman don ƙwai. Lokacin da aka kawo su zankonsu ƙarami ne, fari-fari. Ina kallo ya riƙa girma yana ja, can kuma sai na ga in na miƙa hannu wata ta tsuguna ta ɗan buɗe fukafukai maimakon ta gudu. Wannan tsugunon albishir ne. Ba a jima ba na ji kyarkyara da hantsi, na leƙa akurki na tarar da ɗan ƙwai ƙarami a lungu, da ɗuminsa. Wallahi ranar sai da na kira duk wanda ke gidan ya zo ya gani. Kuma kaji ne masu sanyin hali, ko yaro zai iya shiga ya kwaso ƙwan.

Irin waɗannan suna fara sakawa ne a mako na 18 zuwa 20. Ƙwayayen farko ƙanana ne, wani ya zo da ɓawo mai laushi, wani da gwaiduwa biyu. Kada hankalinki ya tashi, jikinsu ne bai gama daidaita ba. Waɗannan ki bar wa gida, kada ki fara ciniki da su. Nan da 'yan makonni girman zai zauna, kaji 10 su riƙa ba ki ƙwai 8 ko 9 kullum, domin kaza ɗaya tana yin kusan 300 a shekarar farko. Ba ki buƙatar zakara, sai dai in ƙyanƙyasa kike so.

'Yan tsaki kuwa sun fi araha, kuma kin san ainihin kwanakinsu. Iyakar abin da zan yaba musu ke nan. A makon farko suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 dare da rana, ga rigakafin cututtukan kaji irin su Newcastle da Gumboro, ga ciyarwar kusan wata biyar babu ƙwai ko ɗaya, ga waɗanda za su mutu a hanya. Ki haɗa lissafin, arahar ta tafi. Sun dace da wanda ya goge kuma yake kiwo da yawa.

Rarar da kike son sayarwa daga abinci take fitowa. Kowace kaza tana cin gram 110 zuwa 120 a rana na abincin masu ƙwai, wanda kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, ya kai wajen kashi 4 cikin 100. Ki sauya musu shi a hankali daga abincin masu tasowa. Ruwa kada ya yanke, haske kuma awa 14 zuwa 16. In kika koma zuba musu ragowar abincin gida kaɗai, ƙwan zai ja baya nan da nan.

Ki riƙa kwashe ƙwai sau biyu a rana. Wanda ya ɗan ɓaci ki goge da busasshen ƙyalle, kada ki wanke, don wanki yana cire kariyar da ke jikin ɓawon. Ki jera a kiret tsinin yana ƙasa, ki rubuta kwanan wata da fensir, wanda ya riga zuwa ya riga fita. Maƙwabta sun fi dillali riba ga mai kaji kaɗan, amma kada ki yi wa kowa alkawari sai sakawar ta zauna, kuma ki kiyayi bashi, domin kuɗin ƙwan ne zai sayo buhun abinci na gaba.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, don abin yana ci mini rai. Akwai masu sayen tsofaffin kajin da gona ta gama tatsa, su sayar wa sabon shiga da sunan masu dab da fara ƙwai. Ki ɗauki kazar a hannu. Sagara ƙafarta rawaya ce sumul, gashinta cif-cif yana sheƙi. Tsohuwa ƙafarta da bakinta sun koɗe, gashin wuya da na wutsiya sun kakkarye, zankon ya yi girma. Ki taɓa ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwai: in yatsu uku sun shiga tsakaninsu, ta riga ta fara sakawa, ba sagara ba ce. Sannan ki nemi takardar ranar ƙyanƙyasa da ta rigakafi. In mai sayarwar ya fara kame-kame, ki bar masa kajinsa.