Na biya an yi wa shafina na wankin tagogi kuɗi, ga yadda ta kaya

Tun da na sayar da shafin intanet ɗin nan nawa mutum uku suka tambaye ni wai dillalan da na bi ta hannunsu sun ci kuɗinsu ko a'a, to bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta. Sunansu ba zan kira ba, ba wai tsoro ba, akwai inda suka kyauta min akwai kuma inda suka ɓata min rai sosai, ba na son a ɗauka talla nake musu ko ɓatanci. Irinsu dai sun cika intanet, masu cewa kawo shafinka mu yi masa kuɗi, mu nemo maka mai saye, mu cire la'adarmu.

Sana'ata wankin gilashin tagogi ce, gidaje da shaguna da 'yan ƙananan ofisoshi. Ni da yaro ɗaya, tsani, bokiti, robar sharce ruwa, daga baya na sayi doguwar sandar nan mai tiyo a ciki da take turo tataccen ruwa, wanda in ya bushe ba ya barin tabo a gilashi. Kafaɗata ta dama ce ta ce ta gaji, duk wanda ya yi shekaru hannunsa a sama ya san abin da nake faɗa. Kayan aiki ba su ba ni wahala ba, kowa ya san kuɗin tsohon tsani. Shafin ne na rasa yadda zan yi da shi. Ɗan ƙarami ne a kan WordPress, manhajar gina shafuka, feji biyar, hotunan taga kafin wanki da bayan wanki, fom na neman farashi, sai lambar waya ɓaro-ɓaro a sama. Shi ke nan. Amma in ka rubuta wankin taga da sunan yankin da nake aiki a Google, cikin na farko-farko yake fitowa.

Da farko na bi na kyauta, wuraren nan da za ka zuba adireshin shafi ka danna su faɗa maka darajarsa nan take. Na gwada guda uku, wallahi amsa uku suka ba ni da ko kusa da juna ba su yi ba, ɗaya kuɗin da ya faɗa ko robar sharce ruwa mai kyau ba zai saya ba, ɗaya kuma ya kira kuɗin da na san ko mahaukaci ba zai biya ba. Daga baya na gane dalili, su lissafinsu yawan masu shiga ne da kuɗin tallan da za a iya samu a kansu. Ni ko talla ɗaya babu a shafina. Mutum ɗari biyu da suke neman wanda zai wanke musu taga a satin nan ba ɗaya suke da mutum dubu ashirin masu karanta barkwanci ba, injin kuma bai san wannan ba.

Shi ne na biya waɗannan dillalan. Tsarinsu kashi biyu ne, kuɗin ƙiyasi daban ka biya tun farko, in kuma kana so su sayar maka sai ku sa hannu a wata yarjejeniya su ɗauki kaso a cikin kuɗin ciniki.

Rahoton farko da suka turo min ya ba ni haushi, gaskiya. Takarda ce mai shafuka da yawa, launi-launi, zane-zane, amma kana gani ka san inji ne ya tofo ta. Sun cika ta da maganar Domain Authority, makin ƙarfin shafi na kamfanin Moz da yake tashi daga 1 zuwa 100, wanda shi Google ɗin kansa ba ya amfani da shi wajen jera shafuka. Sun ƙirga shafukan da suka yi nuni zuwa nawa, sun faɗi shekarun domen ɗin, wato adireshin shafin, abin da ni da kaina na san ranar da na saye shi. Ba wuri ɗaya da suka tambayi aiki nawa shafin yake kawo min. Na rubuta musu na ce in wannan ne ku dawo min da kuɗina.

Nan ne abin ya canza, kuma nan ne nake ganin kuɗina ya halatta. Wata mata daga cikinsu ta kira ni, muka yi wajen awa ɗaya a waya. Tambayarta ta farko, Malam in waya ta yi ƙara ta yaya kake sanin wannan daga shafi ya zo ko makwabcinsa ne ya ba shi lambarka? Na yi shiru. Ban sani ba mana, ni dai ina ɗagawa in tambayi taga nawa ce, bene ne ko ƙasa. Ta ce to mai saye ba zai biya kuɗi a kan "ina jin" ba. Ta sa na buɗe mata Search Console, inda Google ke nuna maka yadda ake samun shafinka a bincike, shi wata 16 kawai yake ajiye bayani, ta duba kalmomin da mutane suke rubutawa kafin su faɗo kaina. Analytics ɗina kuwa, mai ƙirga masu shiga shafi, abin kunya, tsohon ne a kai, wanda Google ya daina tara masa bayani tun 1 ga Yulin 2023, ban taɓa komawa sabon ba, ina nan ina tunanin ana ƙirga min mutane ashe fanko ne. Sai muka koma akwatin imel muka ƙirga saƙonnin fom ɗaya bayan ɗaya na shekara guda, muka haɗa da littafin da nake rubuta aiki, muka ga wanne ya zama aiki wanne ya tsaya a tambaya kawai.

Yadda ta yi lissafin shi ne abin da ya fi min amfani, bari in faɗa da misali ba da lambobina ba. A ce shafi yana kawo tambaya 20 a wata, 6 suka zama aiki. Cikin shidan nan wataƙila 4 wanki ɗaya ne an gama, wanda zai bar gida ko wanda ya gama fenti. Amma 2 sun shiga zagaye, kana zuwa musu duk sati huɗu ko takwas, shekara da shekaru. Waɗannan biyun su ne dukiyar. Sai ka cire kuɗin mai, ladan yaro, sabulu da tace ruwa, kuɗin hostin, wato hayar ajiye shafin a intanet, da sabunta domen, abin da ya rage shi ne ribar da shafin yake jawowa. Kuma ta ce lallai a ɗauki wata 12 cur a raba, don aikinmu akwai watannin da waya ba ta hutawa akwai watannin da za ka ɗauka ta lalace, in ka nuna wa mai saye watanni uku masu kyau kawai zai gano, kuma daga nan duk abin da ka faɗa ƙarya ce a wajensa.

Na kawo mata maganar da nake karantawa cewa ana ninka ribar wata sau talatin ko fiye a samu kuɗin shafi. Ta yi dariya ta ce wannan na shafukan da suke kawo kuɗi kana barci ne, talla ko kamasho. Naka sai wani ya hau tsani kafin sisi ya shigo. Ta sauko da ninkin ƙasa sosai, a lokacin na ji zafi, amma da na kwana na tashi na ga ko ni ne mai sayen haka zan ce.

Sannan ta faɗi wata magana da ta tsaya min, cewa shafin shi kaɗai kusan ba komai ba ne, duk wanda ya iya WordPress zai gina irinsa a kwana biyu. Abin da ake saye tarkace ne guda huɗu a ɗaure, domen ɗin da Google ya riga ya saba da shi, lambar wayar da take manne a firij ɗin mutane, Google Business Profile, wato bayanin sana'arka da yake fitowa a Google, da taurari da sharhin kwastomomi da suke kai, sai jerin gidajen zagaye. Ka cire ɗaya kuɗin ya faɗi. Ni da niyyata in riƙe lambata, tunda har 'yan uwa da ita suke kirana. Ta ce to ka sayar da shago ka tafi da ƙofar ke nan.

Zuwa nan tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan na cire ne saboda sai da na yi faɗa kafin su haɗa ni da ɗan adam.

Ɓangaren sayarwa ne ya lalata zumuncin. Na sa hannu a yarjejeniya ta wata shida, su kaɗai ke da ikon sayarwa, ban karanta da kyau ba, laifina ne wannan na yarda. Suka sa shafin a jerinsu suka tura wa masu sayensu. Matsalar ita ce masu sayen nasu irin mutanen da suke yawo ne a kasuwannin sayar da shafuka irin su Flippa, wadda aka buɗe a Melbourne ta Ostireliya a 2009, mutane ne masu neman shafin da za su saya daga kowace ƙasa su zauna a ɗaki yana kawo kuɗi. Tambayoyin da suka riƙa zuwa min sai ka yi dariya, wani ya ce za a iya mayar da shi wani gari? wani ya ce awa nawa nake yi a kansa a sati, na ce a kan shafin ko a kan tsani? Mutum ɗaya ne ya zo da magana mai kai, yana so ya saya ya riƙa sayar wa masu wanki kiran da yake shigowa, amma tayinsa ko rabin ƙiyasin bai kai ba, na ce albarka. A tsakanin nan in na tura wa dillalan saƙo sai ya kwana huɗu biyar, matar nan mai hankali ashe ɓangaren ƙiyasi kawai take, an miƙa ni ga wani da kullum amsarsa ana kan aiki.

Wanda ya saya a ƙarshe ni na samo shi. Abokin hamayyata ne, shekaru muna gaisawa daga mota, shi ma wanki yake a yankin, yana da ma'aikata amma ba ya fitowa a Google. A wajensa duk kiran da ya shigo riba ce tsantsa tunda motarsa dama tana bin layukan. Minti ashirin muka yi a tsaye muka kusa gamawa. Na kira dillalan ina murna, sai suka nuna min sakin layin da ya ce ko waye ya kawo mai saye a cikin wata shidan nan la'adarsu tana nan. Na biya. Raina bai so ba har yau, don da sun ce min tun farko je ka tambayi masu irin sana'arka a kusa da kai, da shawara ce ta gaskiya, kuma na tabbata sun sani.

Abin da zan yaba musu a nan takardar miƙa kaya ce da suka ba mu, ta hana mu rigima. Kuɗin ta Escrow.com muka bi, mai saye ya zuba a can, ni na miƙa komai, ya duba na 'yan kwanakin da muka yarda, sannan aka sako min. Domen kuwa saura kaɗan in yi wauta, na so in fara canza sunan mai shi zuwa nasa kafin mu ɗauke shi zuwa kamfanin da yake amfani da shi, takardar ta gargaɗe ni cewa a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da domen, canjin mai rajista yana iya jawo kulle na kwana 60 da ba za a iya ɗauke domen ba. Sai muka fara ɗaukewa da lambar sirrin nan ta canja wuri, daga baya ya gyara suna. Miƙa Google Business Profile ɗin ma ba a rana ɗaya ake yi ba, sai ka ƙara mutum a kai ya jira kwana 7 kafin ya samu cikakken iko. Sun tuna min in raba imel ɗin domen da asusun bankina da sauran wuraren da na yi rajista da shi, wanda wallahi da na manta, da duk saƙon canza kalmar sirrina wajen wani zai riƙa zuwa. Sun ce in duba lasisin kwalliyar shafin da na saya ko ana iya miƙa shi. Kwastomomin zagaye kuma kada in miƙa adireshin gidajen mutane haka kawai, in fara sanar da su, wanda ya yarda ya bi sabon mai shi. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, biyu suka ce a'a. Na kuma sa hannu ba zan buɗe irin wannan sana'a a yankin ba na wasu shekaru, abin da kafaɗata ta riga ta sa wa hannu tuntuni.

Dillanci tauraro biyu, kuma biyun na takardar nan ne. In da zan sake, ƙiyasin kawai zan biya, in nace tun ranar farko a haɗa ni da mutum ba inji ba, in karɓi ƙiyasina in je in buga ƙofar masu wanki uku mafi kusa da ni. Kuma da tun shekara guda kafin nan zan sa wa shafin lambar waya tasa daban, da na san kira nawa yake kawowa ba tare da tonon imel ba, da kuma ban zauna ina tura wa dangi sabuwar lamba ɗaya bayan ɗaya ba.

Jiya na leƙa shafin. Ya canza launi, ya sa sunan kamfaninsa a sama, amma hoton farko bai taɓa shi ba, har yanzu bayana ne a kan tsani da tsumma rataye a aljihun baya. Na tura masa saƙo na ce Oga wannan hoton fa baya cikin ciniki, ya ce in duba takarda, sakin layi na huɗu, hotuna duka. Na duba, yana nan.