Canva ko PixelLab don katin sabbin kalmomi?

Malama, kin tambayi wace manhajar zane ce ta fi dacewa da yin katin sabbin kalmomi, Canva ko PixelLab. PixelLab za ki sauke. Shekara uku ke nan da shi nake yi wa 'yan aji biyu katin kalmomi, a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Da zarar ya sauka, ko a inda babu sabis za ki yi aikinki.

Abin da ya riƙe ni a kansa shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Galibin salon rubutun ado da ake yayi, waɗanda suka zana su ba su san da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Sai ki rubuta kalma ki ga harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar ƙattai, ko ya koma ɗan akwati. PixelLab kuwa yana barin ki shigo da salon rubutun da kike so daga cikin wayarki, ba da ko kwabo ba. Ki nemi salon rubutu mai suna Andika na SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna. Kyauta ne, kuma don masu koyon karatu aka zana shi: a da g ɗinsa irin waɗanda muke rubutawa ne a allo, sannan babban I da ƙaramin l da lamba 1 ba sa kama da juna. Noto Sans na Google ma yana da baƙaƙen duka.

A nan ne aikin yake da daɗi, domin harafin da kansa zai koya wa yaro ma'ana. "Dogo" na miƙar da d ɗinsa har saman katin. "Ƙwallo" na cire o na ƙarshe na sa ƙwallon. "Inuwa" na sa mata inuwa a gefe, "ɓoye" kuma rabin ɓ ɗin yana bayan ƙofa. Wanda ba na mantawa shi ne "tsalle". Na ɗaga l guda biyun sama da layi kamar sun bar ƙasa. Akwai wata yarinya a layin baya da ta yi zango guda ban ji muryarta ba. Ta ƙura wa katin ido, ta ɗora yatsa a kan l ɗin, sai ta miƙe ta yi tsallen, aji ya ɗauka gaba ɗaya. Washegari ita ta fara karanta kalmar ba hoto. Wallahi ranar da farin ciki na kwana.

Canva dai yana da hotuna barjat da zane shiryayye, ban hana shi wannan ba, amma sai da data, kuma shigo da naki salon rubutun sai a ɓangaren da ake biyan kuɗi, wato Canva Pro.

Ki kiyayi masu tallan "Canva Pro na har abada" a WhatsApp kan 'yan kuɗi kaɗan. Na taɓa biyan wani. Ashe cikin wani rukuni nasa yake zuba mutane. Bayan 'yan makonni aka fitar da ni, lambarsa kuma a kashe. Kar ki ba kowa kalmar sirrin imel ɗinki da sunan zai buɗe miki.

In za ki kai bugawa, ki adana aikin a matsayin hoto, PNG, ki sa girman hoton ya zama faɗi 2480 da tsawo 3508 a ma'aunin pixel in takardar A4 ce. Kar ki yarda mai shago ya sake buga kalmar a kwamfutarsa. Haka aka taɓa mayar mini da "baƙi" ta koma "baki", na ɗaga katin launi yara suna nuna leɓɓansu. Kafin ki amince da kowane salon rubutu, ki gwada shi da Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ, manya da ƙanana, ki ƙara da Ƴ ƴ in katin zai je hannun 'yan'uwanmu na Nijar, don su haka suke rubuta abin da muke rubutawa 'y.