Cytosponge: Soson da Ake Haɗiya Domin Binciken Bututun Abinci

Mai fama da ƙwannafi shekara da shekaru yana iya samun sauyi a fatar cikin bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi, saboda ruwan tsamin ciki da ke yawan tasowa yana ƙona ta. Likitoci na kiran wannan sauyi da sunan Barrett, likitan tiyatar da ya yi bayaninsa a Landan a 1950. Ba ciwon daji ba ne, kuma ƙalilan ne yake rikiɗe musu zuwa dajin, sai dai ba ya nuna wata alama tasa ta daban, shi ya sa da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba.

Cytosponge, wanda Farfesa Rebecca Fitzgerald da abokan aikinta suka ƙirƙira a Jami'ar Kambirij ta Ingila domin gano wannan sauyi, kafso ne ɗaure da siririn zare. Mutum zai haɗiye shi da ruwa, nas tana riƙe da bakin zaren, a jira kamar minti bakwai har kafson ya narke a tumbi, ƙaramin soson da ke ciki ya buɗe. Daga nan sai ta jawo zaren cikin 'yan daƙiƙu, soson ya kankaro ƙwayoyin fatar bututun a hanyarsa ta fitowa, a aika da su ɗakin gwaje-gwaje. Ba a bugar da mutum da allura, kuma da ƙafarsa yake komawa gida.

Wurin jawowar ne babu daɗi, domin yana tayar da yunƙurin amai, wasu kuma maƙogwaro kan yi musu kaushi daga baya. Duk da haka, a ganina wahalar ba ta kai ta zura kyamara ta baki don a duba cikin bututun ba, kuma babban gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna an gano masu Barrett ninki goma fiye da yadda aka saba.

Ina yaba shi a matsayin matakin tacewa kawai. Idan sakamako ya nuna alama, dole ne a zura kyamarar a gutsuro nama, domin a san ko maganin rage tsami irin su omeprazole da bibiya lokaci-lokaci sun wadatar, ko kuwa ƙwayoyin sun fara lalacewa har sai an ƙone wurin da na'ura. Wanda abinci ke maƙale masa, ko yake ramewa babu dalili, ba nasa ba ne wannan soso. Kyamara yake buƙata ba tare da jinkiri ba.