Gargaɗi Kan Mai Tallar Filastar Narkar da Tabo a Legas

Ina jan hankalin 'yan'uwa mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba game da wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp na mata yana tallar wata filasta, wadda ya ce tana ɗauke da magani mai tsattsafowa cikin fata sannu a hankali har ya narkar da tabon da ya yi tudu cikin kwana 14. Ba shi da shago, asusun da yake karɓar kuɗi ba sunansa ne a kai ba, kuma ɗan aike ne ke kawo kayan a leda, babu lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, babu ranar lalacewa.

Matar ƙanena ce ta faɗa hannunsa. Tun da aka huda mata kunne tabo ya tsiro mata a wurin, shi ya sa da aka yi mata aikin haihuwa hankalinta ya tashi kada cikin ma ya yi haka. Ta biya naira 45,000, shi kuwa ya ce ta manna tun ɗinkin bai gama kamewa ba, wai a lokacin ne maganin ya fi shiga. A kwana na huɗu wurin ya fara fitar da mugunya, zazzaɓi ya rufe ta, da muka kira shi daga asibiti sai muka tarar ya toshe lambobinmu.

Abin da ya sa yaudarar take kama mutane shi ne ta jingina da gaskiya. Akwai filasta mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, wato wani maganin rage kumburi, da likitoci ke rubutawa don tabo mai kauri, akwai kuma shimfiɗar silikon, mai kama da roba mai laushi, da ake mannawa aƙalla awa 12 a kullum na tsawon wata biyu zuwa uku. Amma dukkansu sai rauni ya rufe sarai ake sa su, domin sitiroyid a kan ɗanyen ciwo yana jinkirta warkewa, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma ko a kan lafiyayyar fata idan ya daɗe yakan sirantar da ita ya kwashe mata launi. Tabon da likitoci ke kira keloyid, wanda ya fi samun baƙar fata a kunne, ƙirji da kafaɗa, yakan buƙaci allurar tirayamsinolon, wani nau'in sitiroyid, a cikinsa duk bayan mako huɗu zuwa shida, kuma ko yanke shi aka yi ba tare da ƙarin magani ba, sau da yawa yana dawowa ya fi da girma. Saboda haka wanda ya yi alkawarin kwana 14, a ganina, ko bai san cutar ba ko ya san ƙarya yake yi.

Mai irin wannan tabo ya nemi likitan fata ko na gyaran jiki a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, ko asibitin ƙashi na Igbobi. Wanda kuma ya riga ya saya, to ya cire filastar, ya adana ledar da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara ofishin NAFDAC da ke Isolo. A makon jiya mun ga hotunan tallar sun sake fitowa a wani zaure, da sabon suna da sabuwar lamba.